Tambaya ta Goma Sha Bakwai

A asibitin Rigasa, bayan ɗakin awo,
aka ba ni benci da inuwar darbejiya,
takarda shafi shida, biro biyu, ruwan leda.
Sati guda aka yi ana koya mana tambaya
ba tare da gira ta motsa ba.

Shekarunki? Haihuwa nawa? Ɓari fa?
Waɗannan ba sa tsayawa a wuya.
Sai ta goma sha bakwai:
"In kin dubi jikinki, kina jin daɗinsa?"
Akwati uku a ƙasa: sosai, kaɗan, ko kusa.
Wanda ya zana su
bai taɓa zama a bencin nan ba.

Ba ma rubuta suna, lamba muke sawa.
Ni ce dai nake raɗa musu a zuci.

Lamba tara, na kira ta Tasalla,
ta yi dariya har goyonta ya farka:
"Jikin nawa? Ai gidan haya ne, 'yar nan.
Bakwai sun shiga sun fita,
kowa ya bar zanensa a bango,
ba wanda ya ba da kuɗin gyara."
Ta ɗaga gefen riga, ga ɗinkin tiyata.
Tun daga shi take riga maigida kashe fitila.
Shekara huɗu ke nan.
Shi a zatonsa katin wuta take tattali.
Bai tambaya ba, ita ma ba ta faɗa ba.

Ran Laraba muka haye gada zuwa Kakuri.
Rifkatu, ashirin da ɗaya,
fuska fes, gaɓoɓin yatsu kamar an ɗiga tawada.
Wata biyar ƙaiƙayi na cin ta a ɓoye,
tana jiƙa bagaruwa, tana zama a ruwan ɗumi.
Na ce, ga nas can, taku goma.
Ta dubi ƙasa.
"Sai an tuɓe. Man da nake shafawa ya tsattsaga min cinya.
Kuma ƙofar ɗakin ba ta rufuwa.
Cinyar nake kunya, ba ciwon ba."

Na juya takardar gaba da baya.
Babu gurbin cinya. Babu gurbin ƙofa.
Na rubuta a gefe, da ƙananan baƙaƙe.

Tanimu, mai ɓangaren maza, ya ce nasa duk "sosai" ne,
da ƙarfi, har da buga ƙirji.
Sai an tashi wani ya biyo shi bakin titi,
ya yi kamar Keke Napep yake jira:
"Malam, wannan na kwalba da ake sayarwa a tashar Kawo,
wai da gaske yana taɓa ƙoda?
Wani abokina ne ke sha, ba ni ba."

Ran Juma'a muka miƙa takardu.
Dakta Hansatu ta ce kwamfuta lamba take ci,
kuma da lamba ake buga ƙofar ma'aikata.
Amma na ga ta tsaya a gefen shafina,
ta cire tabarau, ta mayar,
ta rubuta a tafin hannunta: sakata, labule.
Ko za a saya, ban sani ba.

Da dare a Unguwar Sanusi
na sami takarda ɗaya da ta maƙale a jaka,
kusa da ƙwayoyin ƙiba da nake sha a ɓoye
tun ranar da gwaggo ta ce da ni sillen kara
a gaban masu kawo lefe.
Na ba kaina lamba.
Sha shida na farko na wuce su a guje.

Ga akwati uku. Ga madubi a jikin ƙyaure.
Biro ya daɗe a sama har hannuna ya yi sanyi.
Ban cike ba tukuna.
Amma fitilar, ban kashe ba.